Jan Zare a Ƙafa Biyu

Sati uku 'ya'yana suka yi a kwalba kafin a ba mu su. Bakwaini ne, mata biyu, kuma su ne haihuwata ta fari. Ranar sallama likita ya zaunar da ni da maigidana ya yi mana bayani a hankali, kamar mai biya wa yaro karatu. Ya ce ƙaramar, wadda aka ciro ta biyu, akwai wata 'yar hanya kusa da zuciyarta da ya kamata ta rufe bayan haihuwa, ba ta rufe ba. Sau da yawa takan rufe da kanta, amma kafin nan ruwa zai iya taruwar mata a ƙirji. Ya rubuta magani na ruwa, safe da yamma, a ɗiga mata a baki da sirinji mara allura. Ya ce kada a tsallake, kada kuma a kuskura a ba babbar, domin aikin maganin rage ruwan jiki ne, lafiyayyen jariri in ya sha bushewa zai yi.

Nas ɗin da ta miƙo mana su, wata mai fara'a da ta koyi Hausa a nan Abuja, ta yanke robobin shaidar da ke hannuwansu saboda sun fara matsewa. Ta ɗago ƙaramar ta ce da ni, "Madam, wannan shi ne mai magani. Ka sa masa alama tun yanzu. Ni kaina da na yi sati uku da su, sai na karanta hannu."

Ni tela ce, jakata ba ta rabo da zare. Na zaro ja, na ninka shi huɗu, na ɗaura wa ƙaramar a idon sawu, sako-sako yadda ba zai ci mata fata ba. Har da 'yar dariyata. A shagona ko a makon sallah, da atamfofi jibge har rufi, ban taɓa haɗa wa wata hannun rigar wata ba. Na ce a raina, yara biyu kacal ne za su gagare ni?

Muna zaune a Orozo, can gefen Abuja, a lokacin, ciki da falo. Maigidana kayan gyaran mota yake sayarwa a Apo, kuma duk ƙarfen da ya shigo shagonsa sai ya ɗiga masa alama da alƙalamin fenti, don kada gobe wani ya dawo masa da wanda ba nasa ba ya ce nasa ne. Da wannan alƙalamin fentin ya dawo gida ya bi kayan yaran ɗaya bayan ɗaya. Na babbar ɗigo ɗaya, na ƙaramar ɗigo biyu. Fida, kofi, tawul, katin asibiti, robar wanka, har gindin kwalbar man shafawa. Huluna da riguna ni na yi musu alama da allura ta ciki. Ya tsaya ya dubi aikinsa yana jin daɗi, ya ce ko a kamfani sai haka. Washegari ya koma fita tun asuba, dawowa sai bayan isha'i, saboda sati ukun nan shago a hannun maƙwabta yake.

Wadda nake wuni da ita uwar mijina ce. Daga Zariya ta zo tun ina kwance, domin tawa mahaifiyar ta rasu, likita kuma ya hana a yi nisa da yaran, balle in tafi wankan gida. Hajiya nake ce mata. Tsakanina da Allah ba muguwar mace ba ce. Ita ke dama mini kunun kanwa, ita ke wanki, ita ke yi wa yaran wanka, ga ciwon gwiwa. Amma tana da doka ɗaya da ba ta lanƙwasuwa, ba a bambanta tagwaye. Abin da aka yi wa ɗaya a yi wa ɗaya, ko da lakutar mai ce. Ta ce su ba kamar sauran yara ba ne, suna ji suna gani tun suna cikin zani. In ka ɓata musu rai tukunyarka sai ta wuni a wuta ba ta tafasa ba, ko ka tsinci kunama a takalminka. Tana da labarin wata a unguwarsu da ta saya wa ɗaya awarwaro ta manta da ɗaya, kuma ba ta gajiya da ba da shi.

Ɗige-ɗigen ɗanta ba su yi mata ba. Ta ce yara ba tayar mota ba ne. Duk kayan takan haɗa su a baho ɗaya ta wanke, ni kuma in bi bayanta ina warewa ina cika ina batsewa. Maganin ma sai da muka yi a kansa. Da ta ga ina ɗiga wa ɗaya, ta ce a ɗan taɓa wa 'yar'uwar ko a leɓe ne don kada ta ji haushi. Na ce likita ya hana. Ta ce likita ya taɓa haihuwar tagwaye? Sai da ɗanta ya sa baki ta bari, tana ƙunƙuni.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a nan, ko da yake shi ne ya fi yi mini nauyi. A gidanmu mace ba ta kula ɗan fari a gaban manya. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta zuba masa ido. Haka na ga yayyena sun yi, kuma wadda ta saki jiki da nata an yi shekaru ana yi mata gori. Ni da na tashi yin fari sai na yi biyu. Na rasa wacce zan ji wa kunya, wadda ta riga da 'yan mintoci ko dukansu, sai na haɗa su gaba ɗaya. A asibiti fuskokinsu duk filasta ce da robobi, wani lokaci har da ƙyalle a ido, Hajiya kuma tana gefena duk shigar da zan yi. A gida ɗaki ɗaya muke kwana da ita. In za a ba ni su in shayar, sai in yafa mayafi in kau da kai ina kallon bango, ita kuma tana yaba ni a gaban baƙi, tana cewa wannan 'yar gidan mutunci ce, ba irin 'yan Abuja masu sumbatar jariri a bainar jama'a ba. Yabon ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. In lokacin magani ya yi sai in ɗaga zani ta ƙasa in duba ƙafa. Na san ƙafafun 'ya'yana fiye da fuskokinsu, kuma ban gaya wa kowa cewa da zaren nan kaɗai nake gane su ba.

Kwananmu huɗu a gida ɗinkin tiyatata ya ɗan yi ruwa. Na ba ƙaramar maganin safe, na hau keke mai ƙafa uku na tafi wani ƙaramin asibiti a wanke mini. Layi ya riƙe ni har azahar ta kusa. Da na dawo na tarar da falo da baƙi, matan maƙwabta biyu sun zo barka. Ɗaya manomiya ce 'yar asalin garin, ta kawo mana doya har uku. Yaran na kwance a katifar Hajiya, an yi musu wanka an shafe su da mai, an sa musu wasu riguna iri ɗaya da aka kawo gudummawa, waɗanda ban kai ga yi wa alama ba. Na gaisa, na durƙusa kamar mai gyara musu zani, na duba ƙafar ta dama. Jan zare. Hannuna ya kai kan ta hagu don in rufe ta. Ita ma jan zare.

Na ce, "Hajiya, wa ya ɗaura wa ɗayar?"

Ta ce, "Ni ce. Kwana huɗu ina kallon ki, kin yi wa ɗaya ado kin bar ɗaya. Kukan da take yi tun jiya ke ba ki san dalilinsa ba."

Ta ce tsohon ma ya jiƙe ya yi dauɗa, ta tsinke ta yar, ta ɗauko zaren a kan keken ɗinkina ta yi musu sababbi. Wato ko ƙullin hannuna babu. Na daure na tambaye ta, da murya kamar ta wasa, to wacce ce ƙaramar a ciki.

Ta yi dariya. "Ke da kika haife su kike tambayata? Uwa ai ko a duhu ta san nata."

Baƙin suka kwashe da dariya. Mai doyar ta tafa hannu ta ce, "Maman 'yan biyu, nuna mana, mu ma mu sani." Idanu shida a kaina. Abin da ya kamata in ce kalma uku ce, kuma na san su. Amma ta yaya mace za ta buɗi baki a gaban surukarta da maƙwabta ta ce ba ta san abin da ta haifa ba? Na dubi fuskokin nan biyu, na ga goshi ɗaya, hanci ɗaya, baki ɗaya. Na miƙa yatsa na nuna ta hagu. Aka ce ma sha Allahu, uwa uwa ce. Da suka fita rakiya na yi sauri na ƙara ƙulli ɗaya a zaren wadda na nuna, don kada ita ma ta ɓace mini.

Da yamma na ɗauko sirinji mai ɗigo biyu. Na daɗe riƙe da shi. Na yi tunanin in hana su duka, na tuna likita ya ce kada a tsallake. Na yi tunanin in raba musu rabi-rabi, na ga wannan cutar da biyu ce maimakon ɗaya. Daga ƙarshe na ce wa kaina ai jini ba ya ƙarya, Allah ba zai bar hannun uwa ya nuna banza ba. Na yi bisimilla na ɗiga mata. Ta yamutsa fuska ta haɗiye.

Maigidana ya dawo a gajiye ya tambaya ko an ba ta. Na ce an ba ta. Na so in gaya masa, amma na san halinsa. Zai yi wa uwarsa faɗa, ita kuma ta haɗa kayanta ta koma Zariya ta ce matar ɗanta ta shiga tsakaninsu a kan zare. Ko kuma ya dube ni da idon da nake gudu. Na karɓi wayarsa da sunan ina son ganin hotunan asibiti. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya ina ja da yatsa ina ƙara girma. Filasta, roba, hula. Ba abin da na samu. Kaya dai ga su nan a jere a kan tebur, kowanne da ɗigonsa, masu kayan ne ba su da alama.

Washegari kunya ta fita daga idona, amma ta fita a makare. Na wuni ina ƙare musu kallo. Na duba ƙeya, na duba yatsu, na kara kunnena a ƙirjin wannan na kara a na waccan, ina jin bugu iri ɗaya kamar na agogo biyu. Ko da na ga ɗan bambanci ba shi da amfani, domin ban san wacce ce mai shi tun farko ba. Hajiya ta lura. Ta ce a'a, yau kuma 'yar gidan mutunci ta zama 'yar Abuja? Na yi yaƙe. A cikina kuwa haushinta nake ji kamar in fashe, ina cewa wannan tsohuwa da kunamunta ta kashe ni. Can kuma sai in tuna ita zare kawai ta ɗaura, ni na nuna. Na ba da na safe, na ba da na yamma.

Wadda nake ba maganin ta riƙa jiƙa ƙunzugu ba ƙaƙƙautawa. Na ce to, ai aikin maganin ke nan, ya nuna ita ce. Ɗayar kuma in ta kama nono sai ta ɗan ja ta saki, gumi ya tsattsafo mata a goshi. Na ce zafi ne, ba wuta tun safe. Duk abin da na gani sai na nemo masa bayanin da zai bar ni in zauna. An ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, na san karin maganar tun ina yarinya, sai ga ni ina aikata ta da 'ya'yana.

Rana ta uku na ba da na safe, karo na huɗu ke nan. Da hantsi Hajiya ta ɗauki mai ƙulli biyu za ta yi mata wanka, sai ta tsaya. Ta shafa tsakiyar kanta ta ce maɗigar yarinyar nan ta faɗa, ga leɓenta a bushe, ko kuka ba ta yi da ƙarfi. Ta fara lissafin abin da ake shafawa a Zariya in maɗiga ta faɗa. Ni kuwa ɗayar ce a cinyata. Na buɗe mata riga, na ga haƙarƙarinta na shiga yana fita da sauri, fatar tsakaninsu na lotsawa da kowane numfashi. Ban yi shawara da zuciyata ba, bakina ne ya buɗe.

"Hajiya, ban san su ba."

Ta ce me na ce.

"Ban san wacce ce ƙaramar ba. Da zaren nake gane ta. Ranar nan nunawa kawai na yi."

Na zaci za ta yi salati ta tara mini jama'a. Ba ta yi ba. Ta dubi yarinyar da ke hannunta, ta dubi ƙafarta, ta dubi tawa. Fuskarta ta zube a gabana. Ta tambaye ni sau nawa na ba da maganin, na ce huɗu. Ta ajiye soson wanka ta ce in ɗauko katunan, ta yafa mayafinta a kan zanin aiki, ko takalmin fita ba ta canza ba.

Mijin mai doyar nan yana da tsohuwar mota da yake kai kaya kasuwa, shi ya ɗauke mu. Na kira maigidana na ce ya same mu a asibiti, ban yi masa bayani ba. Hanyar nan da ke kai mutum Nyanya ta cushe kamar kullum. Ina baya da mai numfashin, Hajiya na gefena da ɗayar, tana ta jan salati ƙasa-ƙasa. Ba wadda ta dubi wata. Duk tsayawar da motar ta yi sai in sa yatsa a ƙarƙashin hancin yarinyar.

Likitan da ya sallame mu muka tarar. Na faɗa masa komai a tsaye, a gaban nas-nas, a gaban wasu iyaye da ke jiran layi. Kunyar da na yi wa tanadi kwana uku, da na zo biyanta ko nauyinta ban ji ba. Ya sa abin sauraronsa a ƙirjin mai ƙulli biyu, ya ɗan jima. Ya matsa ya sa a na ɗayar. Bai daɗe ba ya ɗago ya ce wannan ce ƙaramar. Wadda na nuna babbar ce. Sau huɗu na ɗura wa lafiyayya abin da ya busar da ita, sau huɗu na hana mara lafiya abin da ke riƙe da numfashinta.

Aka kwantar da su duka biyun. Babbar aka sa mata ƙarin ruwa a wata siririyar jijiya a hannu, ƙaramar aka sa mata iska a hanci. Nas ɗin nan mai fara'a ita ta rubuta musu sababbin robobi. Ba ta ce ai na gaya miki ba, kuma har gobe ina ganin girmanta. Maigidana ya iso da baƙin mai a rigarsa. Da ya ji labari ya ja ni baranda ya ce da na gaya masa tun ranar. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ta faɗo a kan wuta. Na ce ya shiga ya rufe hannuwansu ya nuna mini ƙaramar, shi da ya yi wa kofi da tawul alama. Ya sunkuyar da kai bai shiga ba. Ban ji sanyi ba ko kaɗan, domin ba shi ya riƙe sirinji ba.

Bayan la'asar aka bar mu ni da Hajiya a gefen gadajen. Can ta ce ita ma haka ta yi da mijina, ya kusa shekara ba ta ƙare masa kallo a gaban mutane ba, har uwar mijinta na alfahari da ita. Amma shi ɗaya ne, ba inda zai ɓace mata. Ta ce ita ta ɗauka ina yi mata kara ne kawai, in ta fita ina kallon abina, kamar yadda kowace mace take yi a ɓoye. Na ce ai ba ta fita. Ta gyaɗa kai.

Ta ce, "Matso ki kalli 'ya'yanki, 'yar nan."

Ta tashi da ƙyar tana dafa gwiwa, ta juya kujerarta ta roba ta fuskanci taga, ta ba ni baya.

Na matsa. Na fara da babbar na koma kan ƙaramar, na sake dawowa, ba mai ƙirga mini lokaci. Saman kunnen ƙaramar na hagu a ɗan naɗe yake, kamar bakin zanin da aka kalmashe. Na babbar a miƙe. Likita ya ce haka aka haife ta da shi. Ba ɓoyayyen abu ba ne, duk wanda ya yi mata kallon minti ɗaya da niyyar ya san ta zai gani. Na kifa kaina a ƙarfen gadon na yi kukan da ban yi ba tun ranar tiyata. Hajiya tana ji, ba ta juyo ba.

Babbar ta warware cikin kwana biyu. Ƙaramar sai da ta ƙara sati biyu, kuma hanyar nan ba ta rufe da kanta ba, daga baya sai da aka yi mata aiki. Yanzu shekararsu shida. Babbar ba ta zama, ƙaramar kuwa in suka yi tsere daga bakin ƙofa zuwa rijiya sai ta tsaya a tsakiya ta dafa ƙugu tana haki, tana cewa ita dama ba ta son gudu. Ba wanda ya taɓa ɗora mini laifi a gidan nan, ko da wasa. Hajiya har ta rasu tana cewa laifinta ne.

Duk sabon likitan da aka tura mu wurinsa, in ya gama duba ƙaramar sai in ce yaran su jira a waje. In ba shi labarin sau huɗun nan tun daga farko, in tambaye shi ko su ne suka ja mata. Duk sun ce ba su ba ne, da magani da ba magani aikin nan sai an yi shi. Nakan yi godiya in fito. Wata mai zuwa muna da ganin wani, kuma na san zan tambaye shi.